Maganaɗisun Gindin Kibiya

Ya'u ya zazzage kwarin kibansa a kan tabarma. Uku daga cikin kiban an ɓalle musu gindi, 'yan maganaɗisun da ke ciki kuma babu su. A gefe Umaima, 'yarsa da aka yaye bana, tana tsotsar robar gindin kibiya tana yi masa dariya.

Tun da ƙofar tirela ta datse masa yatsu biyu a kasuwar Mile 12, ɗora kibiya a tsirkiya ya gagare shi. Oga Sabiru, mai koyar da harbin allo a wani fili bayan layin dogo a Agege, shi ya samo masa irin wannan gindi mai maganaɗisu. Da ka kusantar da kibiya sai ta ɗafe tsirkiya da kanta, ƙas. Da su ya dawo harbi, da su kuma yake shirin gasar ranar Asabar. Amma ranar da ya karɓa, Oga Sabiru ya ja masa kunne. Idan yaro ya haɗiye maganaɗisu ɗaya, yawanci yakan fita. Idan biyu ne, sukan nemi juna a ciki, su matse hanji har su huda shi.

Ya lalube ƙarƙashin gado, ya kaɗe tabarma. Bai ga ko ɗaya ba.

Matarsa Kalsum ta shigo daga gidan suna, ta sha kwalliya da sabon mayafi. Bai bar ta ta zauna ba.

"Ɗauko katin asibiti. Yarinyar nan ta haɗiye ƙarfe."

"Wane irin ƙarfe, Baban Umaima?"

"Ke dai taho."

Ya'u mutum ne da tsoro ke ɗaure wa baki, kuma bai taɓa ɗaukar harkar kibansa abin tattaunawa da mace ba. Haka suka shiga motar haya ta danfo bai yi mata bayani ba. A Oshodi cunkoson motoci ya riƙe su. Kwandasta na ta ihu, rana na dukan kwanon motar, Umaima ta fara kuka tana miƙa. Ƙila zafi ne kawai. Shi dai ya ɗora tafinsa mai yatsu uku a cikinta, yana jin kamar abubuwan na tafiya a ƙarƙashin hannunsa. Bai taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar yatsun.

A babban asibitin da ke Idi-Araba likita ya saurare shi, fuskarsa ta canza, ya tura su ɗakin hoto. Kalsum ba ta jin Turanci sosai, tana dai bin su da addu'a. A bakin ƙofa wata nas Bayarabiya ta ce uwa ce za ta riƙe yarinyar, amma ta cire duk wani ƙarfe.

Kalsum ta zare 'yan kunne. Sannan ta kai hannu ƙarƙashin haɓarta ta ɓalle wani abu, mayafin ya saki. Ta miƙa wa mijinta. 'Yan maganaɗisu biyu ne, manne da juna.

"Ina kika samo waɗannan?"

"A tabarma na tsinta da safe. Irin su ake yayi yanzu maimakon fil, ba sa huda yadi." Sai ta dubi idonsa, muryarta ta yi ƙasa. "Su ne ƙarfen?"

Ya zauna a benci.

Hoton ya nuna farin ɗigo ɗaya tak. Likita ya ce za su kwana a sa mata ido, da yardar Allah zai fita. Ya ƙara da cewa kada wani maganaɗisu ya kusance ta.

Ya'u ya fita waje. Ya daɗe yana kallon 'yan ƙarafan a tafinsa, yana tuna Asabar, sannan ya jefa su a kwata. Ya kira Oga Sabiru ya ce a cire sunansa daga gasar. A bakin get ya sayi fil ɗin mayafi, ya koma ciki ya ba Kalsum.