Ɓarin Cosmas

Da reza a hannu na same shi. Baba yana zaune a zaure, tsohon katakon gyaran agogonsa a kan cinya, ya maƙala gilashin nan na aiki a ido ɗaya, yana tsaga ƙwayar maganinsa gida biyu. Hannunsa ko rawa bai yi ba. Ya kora ɓari ɗaya da ruwa, ya naɗe ɗayan a takarda ya jefa aljihu.

"Baba, wannan na wa ne?"

"Rahmat, yanzu ba a sallama?"

"Na wa ne, Baba?"

Ya cire gilashin, ya sunkuyar da kai.

"Na Cosmas ne."

Nan take na gane abin da ya ɗaure wa likita kai.

* * *

Sankarar jini ce ke damun Baba. Likita Aisha Humaira ta yi mana bayani tun farko: wani ɗan lahani ne a cikin ƙwayoyin jininsa, maganin kuma don wannan lahanin kaɗai aka yi shi. Lokaci-lokaci ana ɗibar jininsa a aika Legas, don babu na'urar a nan, a auna yawan ƙwayoyin da suka rage da lahanin. Gwajin yana hango ciwon tun kafin jiki ya ji. Da farko abin ya yi ta sauka, har Baba ya koma cin burabusko yana neman ƙari. Sai kwatsam ya fara hawa. Likita ta tambaye ni ko yana shan magani kullum, na ce ni shaida ce. Ina ganin yana haɗiya, amma wa ke duba girman ƙwaya?

Shi kuwa Baba Cosmas, ban san duniya babu shi ba. Babana Ba'ana mai agogo da Cosmas mai kayan keke, rumfa jikin rumfa, tun zamanin da jirgin ƙasa ke shigowa Maiduguri da jiniya. Kowace safiya goro ɗaya suke saye, Baba ya ɓare, kowa ya ɗauki ɓarinsa. Nakan zauna a tsakaninsu ina lilo da ƙafa, Baba Cosmas yana tsokanata da gurgun Barbarcinsa har in yi fushi, sannan ya lallashe ni da alewa. Da gari ya rikice, danginsa suka kwashe kaya suka koma kudu, shi ya ce in ya tafi wa zai ci ɗaya ɓarin? Ina kewar kwanakin nan ƙwarai.

Ciwon dajin hanta ya kama Baba Cosmas bara. Asibiti suka ce ya je gida ya huta, babu abin da za su iya.

"Daji ai daji ne," in ji Baba a zauren. "Ni ina da magani, shi ba shi da. In haɗiye ni kaɗai ina kallonsa?"

Na so in yi masa faɗa, amma da wane baki? A unguwarmu ta Fezzan ana miƙa wa maƙwabci magani kamar yadda ake miƙa gishiri. Kuma likita ɗaya ce, marasa lafiya har bakin ƙofa. Wa ya taɓa zama da tsohon ya tabbatar ya gane?

* * *

Likita ba ta ɗaga murya ba da na gaya mata. Ta sa aka sake gwaji, wanda ya fi na da zurfi.

"Rabin magani bai kashe ƙwayoyin ba," ta ce da sakamako ya dawo. "Dama ya ba su suka sauya. Yanzu wannan ƙwayar ba ta kama su. Akwai wani maganin da zai iya, amma samunsa a nan aiki ne. Za mu nema."

"Shi abokin fa? Ya amfane shi?"

"Ko kwalbar duka ya shanye, ba abin da za ta yi wa hantarsa. Ciwonsu ba ɗaya ba ne."

Wannan ban faɗa wa Baba ba. Na ƙwace rezar dai, na bar shi da goro. Kullum da la'asar ya ci gaba da hawa Keke Napep zuwa Bulabulin, unguwar su Cosmas, yana ramewa, yana cewa Cosmas ya yi kyan gani.

* * *

Da damina Baba Cosmas ya rasu. Bayan an kai shi garinsu, matarsa Mama Modesta ta zo gidanmu sanye da baƙaƙen kaya.

"Wushe, Ba'ana," ta gaishe shi da Barbarci, ta ajiye gwangwanin madara a gabansa. "Ya ce in kawo maka da hannuna."

Baba ya buɗe. Ƙullin takardu ne cike, kowanne da ɓarin ƙwaya a ciki.

"Bai sha ba?"

"Ko ɗaya. Tun farko ya nuna wa likitansa, aka ce ba nasa ba ne. Na ce ya gaya maka, ya ce kai ka ce asibiti suna ba ka da rara, ba asarar da kake yi. Ya ce tun kuna samari bai taɓa mayar maka da ɓari ba, ba zai fara yana kwance ba."

Ni dai zuciyata ta ƙuntata har na rasa wanda zan yi fushi da shi.

Baba ya jawo katakon agogo, ya maƙala gilashi a ido. Ya warware takarda biyu, ya ɗauki ɓari da ɓari yana ƙoƙarin haɗa su. Ya juya su ta nan, ya juya ta can, bakinsu ya ƙi haɗuwa.

"Ba za su haɗu ba," ya ce a hankali. "Duk na Cosmas ne."