Layin da Na Yanke

A wurin aiki Daidai suke kirana, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Shekara goma sha huɗu ke nan ina tsaye gaban injin yanka takarda a maɗaba'armu. Ba na iya ganin takarda mai karkataccen baki in ƙyale ta. Ko katin gayyata aka miƙo mini, sai na duba gefensa kafin in duba wa ke aure. Matata ta ce wata rana kunnuwan yaranmu zan daidaita.

Injin tsoho ne. Wuƙarsa ba ta sauka sai ka danna maɓalli biyu da hannu biyu, wannan da sauƙi. Amma ƙarfen da ke danne takardar, da ƙafa ake sauke shi, a daidai lokacin da yatsunka ke kusa suna jera ta. Mutumin da jikinsa zai iya ƙwace masa ko na daƙiƙa ɗaya ba shi da abin yi a wurin.

Wata biyar da suka wuce na je asibiti. Gabana ne ke faɗuwa ba dalili, numfashi ya riƙa yi mini gardama, in ji kamar yanzu za a zo da mummunan labari. Likita ya ce ciwon fargaba ne, ya rubuta mini wata 'yar ƙwaya fara. Ya yi bayani mai tsawo, ina ta gyaɗa kai, amma a ranar ko sunana ya tambaya sai na yi tunani. Matar da ke ba da magani a kemis ɗin asibitin ta ga halin da nake ciki, ta yago takarda daga littafinta, ta rubuta mini ƙa'idojin da hannu. Na karɓa, na koma aiki. Yagar ta tafi a karkace, ga takardar ta fi ƙarfin walat ɗina. Ban karanta ba. Na ɗora ta a inji, na gyara mata baki huɗu, na soke ta bayan katin shaida.

Maganin ya karɓe ni. Na koma cin abinci, na koma tsokanar mutane. Ban gaya wa kowa a wurin aiki ba, balle Oga, mai maɗaba'ar, wanda ko atishawa ka yi kusa da injin sai ya leƙo.

Ranar wata Asabar matata za ta yi wanki, tana zazzage aljihuna, takardar ta faɗo. Ina tsakar gida ina gyara keken auta ta zo ta tsaya a kaina.

"Baban yara, ka san abin da kake sha kuwa?"

Ta miƙo mini. Layi na farko, ƙwaya ɗaya safe da yamma. Na biyu, zai iya sa ka jiri ko barci a kwanakin farko. Na uku, kada ka haɗa shi da wani magani sai ka tambaya. Na ƙarshe, wanda aka ja wa layi a sama, ya ce: Hattara, yana iya kawo farfaɗiya. Daga nan sai bakin takarda, santal.

Matata ta san farfaɗiya, ba labari aka ba ta ba. Ƙaninta yana da ita, kuma tana yarinya ta ga ranar da ta kayar da shi kusa da murhu. Har yau hannunsa na hagu bai buɗewa sosai. Hannuwana kawai take kallo. Ni ma su nake kallo.

Na ce ai wata biyar ina sha ban ga komai ba. Ta ce shi ma ƙanin nata shekara tara ya yi lafiya lau. Na ɗauki waya na bincika, na ƙara rikicewa. Wani ya ce maganin ne ma ake ba masu farfaɗiya, wani ya ce shi ya kai shi asibiti. To wanne ne? Abu ɗaya ya zama shi ne ciwon, shi ne maganin? Na karanta har idona ya yi ja, ban fito da komai ba. Da yamma matata ta ɗauke kwalin daga kan firji, ni kuwa ban hana ta ba. Gaskiya ma sai na ji kamar an sauke mini kaya.

Lahadi ta wuce lami lafiya. Litinin na tashi da gumi, bakina kamar na tsotsi ƙarfe. Talata kuwa ƙarar injin buga takarda ta riƙa shiga mini har cikin haƙora, fitilar da ke saman teburina ta yi mini haske fiye da kima, ga wata 'yar jijiya a cinyata tana ta harbawa ita kaɗai. Na kira matata a waya daga bayan shago. Ta ce dafin ne ke fita, in daure. Na yarda, sannan na ƙi yarda. Idan maganin ne ke kawo abin, me ya sa sai da na bar shi jikina ya fara rawa? Ko tsohon ciwon ne ya dawo? Ko kuwa farfaɗiyar ce ta riga ta shiga tun tuni, yanzu take sallama? Tsoro nake ji, kuma ban ma san wanne zan ji wa tsoron ba.

Wajen sha ɗaya ina jera bangon wasu littattafan makaranta a kan injin, ƙafata ta zabura da kanta ta taka. Ƙarfen ya sauko ya kama bakin hannun rigata. Rigar kawai. Na tsaya ina kallon maɓallin rigar da ya rabe biyu. Na kashe injin, na ce wa Oga cikina ne, na fita.

A kemis na tarar da matar nan. Na ajiye mata takardar, na ce, cikin fushi, ta yaya za a ba mai aiki da wuƙa abin da ke kawo farfaɗiya. Ta karanta, ta juya bayan takardar, ta sake juyowa.

"Malam, ina sauran?"

Na ce sauran me. Ta yago wata takardar, ta rubuta abin da ta ce tana rubuta wa duk mai shan irin wannan, ta ajiye su gefe da gefe. Tawa ta gaza tata da faɗin yatsa biyu. A cikin yatsa biyun nan akwai layi ɗaya: idan ka daina shi farat ɗaya. Kada ka daina sai da likita.

"Yaushe rabonka da shi?"

"Asabar da safe."

Ta ajiye biro, ta zagayo da kanta ta kama ni ta kai ni ɗakin likita, ta tsallake layin mutane. Wannan karon na saurara. Ya ce in koma kan maganin yau, in ma za a raba ni da shi, a hankali za a riƙa ragewa, cikin makonni. Ya ce ba a cika son a daɗe a kansa ba, da na dawo ranar da ya sa mini da tuni mun fara wannan maganar. Ni ban ma san ya sa mini rana ba. Da ya ji aikina, ya ɗago kai ya ce tun farko ya kamata ya sani, kuma kada in kusanci injin sai ya ce.

Na tambaye shi har yaushe. Ya ce sai ya ga yadda jikina ya yi.

Tun daga asibiti nake shirya ƙaryar da zan yi wa Oga, amma da na isa ba ko ɗaya da ta tsaya. Na ciro makullin injin daga wuyana, na ajiye masa a tebur, na gaya masa komai, har da maɓallin riga. Na ɗauka sallama ce. Sai ya ce in koma teburin naɗe takarda, shi zai riƙe injin da kansa, ya ga ko hannunsa bai manta ba. Bai ce zai mayar mini da makullin ba, bai kuma ce ba zai mayar ba.

Ya ce in nuna masa takardar. Na ba shi sabuwar. Ya karanta har ƙasa, ya shafa bakinta mai yaga, ya yi 'yar dariya.

"Kai, Daidai, da wannan a aljihunka? Kawo in gyara maka ita."

Har ya juya wajen injin. Na riƙe masa hannu.

"Bar ta haka, Oga."