Abin da Bimala Take Nufi

"Wallahi ba zan buɗe ba," na ce wa maigidana Ɗalhatu, ina tsaye a bayan ƙofa da jaririyar a kafaɗa. "Ya ga bayan uwar, ita ma in miƙa masa?"

"Haulat, ki ji tsoron Allah. Kin gani da idonki?"

"Na ji da kunnena."

A waje Tek ne, uban yarinyar, maƙwabcinmu ɗan Nepal. Bai buga ƙofar ba, sai dai ina hango ƙafafunsa ta ƙasanta. Jiya da hantsi motar asibiti ta ɗauki matarsa Bimala, kafin azahar aka ce rai ya yi halinsa. 'Yan sanda sun yi masa tambayoyi sun sallame shi, yanzu ya dawo karɓar 'yarsa mai kwana talatin a duniya. Ni kuwa na rantse sai dai a ɓalle ƙofar.

Gidan da muke haya a unguwar Bin Omran, a nan ƙasar Larabawa, tsohon gida ne da aka raba da katako, iyali huɗu, kicin ɗaya. Tsakanina da Bimala falle ɗaya ne, in ta yi atishawa sai na ji kamar in amsa mata. Gyaran gira take yi a wani shago a Bin Mahmud, mace mai dariya kamar ta tara gari. Didi take ce mini, wato yaya a yarensu. Turancinta guntu-guntu ne, nawa ma ba wani na a zo a gani ba, amma mun ci tuwo tare, mun yi gulmar mai gidan haya tare.

Da ta haihu mahaifiyarta ba ta samu zuwa ba. Na ce a garinmu ba a barin mai jego ita kaɗai, na ɗaura zane na kama aiki: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa ko tana so ko ba ta so. Ta sha, ta yamutsa fuska, ta yi dariya.

A mako na biyu dariyar ta ɗauke. Jaririya na tsala kuka, ita tana zaune ta ƙura wa bango ido. Abinci sai ya huce a gabanta. Wata rana ina taje mata kai ta kama hannuna ta ce, "Didi, man no good."

Da yake kunnen Bahaushiya gare ni, sai na ɗauka man da take shafawa ne ba shi da kyau, har na tashi na ɗauko mata man zaitun. Ta girgiza kai, hawaye na zuba, ta dafa ƙirji. "Man, didi. Man."

A nan na ce na gane. Ashe Turanci take yi mini, namiji take nufi! Kuma namiji ɗaya ne a ɗakin nan.

Daga ranar na sa wa Tek ido. Mutum ne shiru-shiru, irin masu gaisuwa da sunkuyar da kai, ni kuwa dama irin waɗannan ba su cika kwanta mini ba. Na ga ya kwashe wuƙaƙensu daga kicin ya kulle a akwati. Na ga ya sa wa ƙofar hawa saman gida kwaɗo. Yana waya ƙasa-ƙasa a tsakar gida, in na fito sai ya yi shiru. Har ya tare ni ya ce, "Didi, in na tafi aiki kada ki bar ta ita kaɗai." Na ce a raina, wato ni ce zan zama masa mai gadin fursuna. Na duba jikinta wajen wanka ban ga tabo ko ɗaya ba, sai na ce mugun ya iya takunsa.

Ɗalhatu ya ce, "Ke dai kin cika shisshigi." Na ce masa duk maza bakinsu ɗaya.

Ranar wata Alhamis Tek ya dawo da rana tsaka da tasi da wata takarda. Bimala na jin ya ce "dokta" ta ruga ɗakina ta maƙale a bayan labule. Nan take na gama lissafina: shi ne kafil ɗinta, zamanta a ƙasar nan a hannunsa yake. Zai sa a rubuta mahaukaciya ce, ya tura ta gida, ya riƙe 'yar. Na tsaya a bakin ƙofa na ware hannuwa.

"Babu inda za ta. Khalas, magana ta ƙare!"

Ya haɗa tafukansa a gaban fuska yana roƙona. Ban motsa ba. Mai tasi ya yi ta danna ham har ya gaji ya tafi. Ranar na ji ni jaruma ce, har na ba ƙanwata labari a waya.

Jiya da safe, bayan ya fita aiki, Bimala ta shigo mini da jaririyar an yi mata wanka, an sa mata kwalli. Ita ma ta gyara kanta, tana murmushi. Na ce alhamdulillah, ga ta ta warware. Ta ɗora mini yarinyar a cinya, ta taɓa ƙafata da hannu, ta koma ɗakinta ta rufe. Ban bi ta ba. Da hantsi Tek ya shigo a guje don ba ta ɗaga wayarsa ba, sai ihunsa na ji: ya tarar ta yi yunƙurin kashe kanta.

To yanzu ga shi a bakin ƙofata. Muna cikin jayayya da Ɗalhatu sai na ji sallamar mace. Muhsina ce, wata Musulma 'yar Nepal mai aiki a kantin magani na bakin layinmu. Ita na buɗe wa, na mayar da sakata.

"Gara da kika zo," na ce. "Ki je ki gaya wa 'yan sanda. Da bakinta ta ce mini mijinta mugu ne."

"Me ta ce daidai, 'yar'uwa?"

Na maimaita mata.

Muhsina ta kalle ni ta ce, "Lokacin da ta faɗa, ina ta sa hannunta?"

"A ƙirji. Wurin da yake dukanta ke nan."

"Haulat," ta ce a hankali, "man a yarenmu ba namiji ba ne. Nan ne." Ta dafa ƙirjinta. "Zuciya da tunani, duk kalma ɗaya ce a wurinmu. Cewa ta yi zuciyarta ba lafiya. Ciwon yana kama mata da yawa bayan haihuwa, kuma ana maganinsa. A gida matanmu ɓoye shi suke yi, don kada a ce sun haukace."

Na ce, "To wuƙaƙen fa? Kwaɗon fa?"

"Ni na ce masa ya yi haka. Ni na taya shi neman ganin likitar ma, da ƙyar aka samu ranar Alhamis ɗin nan. Da ya rasa ranar, sai aka ba shi wata a mako mai zuwa."

"Ya gaya miki abin da ya hana su zuwa?"

"Ya ce ba ta ji daɗin jikinta ba. Haka ya gaya wa 'yan sanda ma."

Ɗalhatu ya sunkuyar da kai. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na lokacin nan ba. Mace ta kama hannuna ta gaya mini ciwonta, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa na tare mata hanyar asibiti.

Na zare sakata. Tek na nan tsaye da kayan aikin jiya a jikinsa. Na miƙa masa 'yarsa. Ya karɓe ta da hannu biyu, ya daɗe yana kallon fuskarta, sannan ya ɗago.

"Didi, madarar, cokali nawa ake sawa?"

Na ɗauko gwangwanin da fulas. Muka durƙusa nan tsakar gida, Muhsina ta riƙe jaririyar. Ina tsiyaya ruwan ɗumi a kwalba, shi yana auna garin madarar, rabinsa na zubewa a kan tayil.