Kafaɗar Alhaji Muftahu

Gawar ta zo kallo da sabuwar hula.

Braimah mahauci ke nan. Tun azahar ya rufe teburinsa a Kasuwar Malam Atta, ya wanke ƙarnin nama, ya kama kujerar gaba a zauren makarantar da aka toshe tagoginsa da barguna. Duk wanda ya shigo sai ya dafa shi.

"Ei, mamaci! Yaya lahira?"

"Ta fi unguwar Nima iska," in ji Braimah.

Fim ɗin na Adiza ne, 'yar ƙanwarsa. Wani tsohon labarin baƙin ciki ta ɗauko, irin wanda suke karantawa a jami'a, na 'ya'yan sarki biyu da suka kashe juna kan gadon mulki. Ta mai da labarin kasuwar Agbogbloshie, sarautar ta koma ta Sarkin Albasa. Ɗan wasan da ya fito a ƙanin ya yarda a soke shi, ya yarda ya mutu, amma ya ce ba ya shiga makara da ransa. Braimah ya ce tsoron banza, ya haye ya miƙe, aka lulluɓe shi.

Sai dai yau rabin hankalinsa yana ɗaya gefen zauren, inda wansa Alhaji Muftahu ya zauna, haɓa bisa lema. Tun ranar da Braimah ya ja katanga a tsakiyar gidan ubansu na unguwar Maamobi magana ba ta sake haɗa su ba. A ƙofar masallaci Alhaji ya rantse, gaban kowa, cewa kafaɗarsa ba za ta taɓa makarar Braimah ba. Ga auren Salwa, 'yar Braimah, ya ƙarato, kuma a danginsu wan uba ke ba da aure. Dangin ango sun fara tambayar ina waliyyi. Braimah ya sha shirya gaisuwa a bakinsa, da ya hango farin gemun nan sai ta maƙale.

Aka kashe fitila. Ba a je ko'ina ba zauren ya kaure. 'Ya'yan sarki suna kuka kan gawar ubansu, kowa da albasa ɓoye a hannun riga. Babban ya zuba guba a koko don ƙaninsa, surukinsa ya shigo da yunwa ya ɗauki kwanon.

"Kar ka sha, wawa!" Hajiya Wadia ta miƙe tana daka wa bangon da ake haska fim ɗin tsawa. Ya sha, har da neman ƙarin ƙosai.

"Astagfirullah, wannan fa ba abin dariya ba ne," in ji Ƙaltume mai wake da shinkafa, tana share hawayen dariya da gefen mayafi.

Sai aka zo jana'izar ƙanin. Ranar ɗaukar fim ɗin, Adiza ta kafa kyamara a saman bene, ba ta gaya wa 'yan unguwa komai ba. A zango kuwa ba a ganin makara a wuce, sai mutum ya sa kafaɗa ko taku kaɗan ne, ya sami lada. Ga tela ya bar kekensa, ga mai shayi, ga direban da ya tsayar da mota cike da fasinja.

"Ga ni! Wallahi ni ne!" mai shayin ya yi ihu. "Braimah, maido mini ladata!"

Braimah yana dukan cinya don dariya, sai wani dattijo ya fito daga lungu a jikin bango. Ya jingine lemarsa, ya karɓi makarar ta wajen kai. Wasu suka karɓa suka saki, shi bai saki ba, leɓɓansa suna motsi.

Dariyar ta tsinke. Braimah ya tuna raɗar da ya ji dab da kunnensa ran nan, ta cikin mayafi: Allah Ka yafe masa, Allah Ya sa ya rabu da 'yan'uwansa lafiya. Har ya kusa cewa amin.

"La ilaha! Alhaji ne!" in ji Wadia. "Ya ɗauki Braimah!"

Zauren ya fashe, masu tafi na yi, masu salati na yi, yara sun hau benci. Gumi ya jiƙa sabuwar hular Braimah. Mutumin da aka yi wa dariya haka a bainar jama'a, ina zai ba da auren 'yarka?

Alhaji ya miƙe. Adiza ta tsayar da fim ɗin, hoton ya daskare da kafaɗarsa a ƙarƙashin katako.

Na'ibin limami ya yi gyaran murya. "Alhaji, kwantar da hankalinka. Wasa ne, mutumin bai mutu ba. Rantsuwarka tana nan daram."



"Malam, kafaɗarka ce ko tawa?" in ji Alhaji. Ya waiwayo wajen Braimah, karo na farko. "Kai ne a ciki?"

"Ni ne, Yaya."

"Shi ya sa. Har yau wuyana bai saki ba. Ka rage cin kitsen mutane." Ya jira hayaniya ta lafa. "Rantsuwa ta karye, kaffara ta hau ni, zan ciyar da miskinai. Kai ne na farko, don ban san wanda ya fi ka tsiya ba. Bayan Juma'a, ka taho da Salwa."

"Da katangar nan, ta ƙofar titi zan zagayo, Yaya?"

"Miskinaina ta tsakar gida suke shigowa." Ya zauna, ya mai da haɓa kan lema. "Adiza, sake shi mu ga yadda sakarkarun nan suka ƙare."

A bango aka binne 'ya'yan sarki kafaɗa da kafaɗa, masu makoki suna rigima kan buhunan albasa, zauren yana birgima. Braimah bai ga ko ɗaya ba. Ya karkata wajen wani magini da ke zaune bayansa.

"Maigida, babbar gudumar nan taka tana gida?"