Ajiyar da Aka Bari a Waje

Malam Zakariyya Bazazzage ne mai sayar da shadda a kasuwar Wuse. Yana da shago, yana da masu saye, kayan ne babu, don dala ta yi wuyar samu. Wata Asabar suna shago da 'yarsa Muhibba, aka ce a rediyo ajiyar waje ta ƙasa ta fara ƙaruwa bayan ta daɗe tana raguwa.

Muhibba ta ce, "Baba, ai dole ta ragu! Wa ke barin ajiya a waje? Su shigar da ita ɗaki mana."

Ya yi dariya ya ce, "Uwata, ƙasashen waje ake nufi. Da ita ake biyan masu aiko mana shadda."

Muhibba ta dubi kantocin da ba kaya, ta gane cewa in ajiyar nan ta ƙaru, shagon babanta zai sake cika.