Rumfar da Ake So Ta Yi Yoyo

Tamimu mutum ne da hannunsa ba ya zama. Shekara ashirin yana aikin kafinta a zangon Kumasi kafin ya zo New York, kuma har gobe in ya ga ƙusa ta leƙo sai ya ji kamar jikinsa take suka. Wannan hali ne ya kusa raba shi da aikin shara da ya samu da ƙyar a wata ƙaramar sakandare a Mount Hope. Gwajin wata uku aka ba shi, saura kwana huɗu ya cika. Shugabar makarantar, Misis Delgado, ta riga ta ja masa kunne sau biyu: abin da ba a sa shi ba, kada ya taɓa. In ya ƙara, ya ajiye makullai ya kama gabansa.

Da sassafen wata Talata, bayan Babbar Sallar 2014, ya shigo da tsintsiyarsa ya tarar da wata rumfa a harabar makaranta. Bango uku na katako, sama kuwa an jefa karan masara jefi-jefi, ga yayyafi yana ɗiga kan zane-zanen da yara suka rataya. Takaici ya kama shi. Wane maras tausayi ne zai sa 'ya'yan mutane a ƙarƙashin wannan? Jan kunnen nan duk ya bi iska. Ya kwashe karan, ya ɗauko falanki da tamfol, ya buga rufin da ko guguwa sai dai ta kewaye.

Yana tsaye yana yaba aikinsa Malama Keziya ta iso. 'Yar Jos ce, tana koyar da tarihi, kuma ita kaɗai yake Hausa da ita a makarantar. Tana ɗaga kai ta ɗora hannu a ka.

"Baba Tamimu, me ka yi mini?"

"Na gyara shi, Malama. Roof ɗin yana leaking paa, yoyo yake sosai."

"Wayyo Allah! Ai lesson ɗina ke nan na yau!"

A gurguje ta yi masa bayani. Makon nan 'yan ajinta, masu shekara sha ɗaya da sha biyu, suna koyon addinin Yahudawa da al'adunsu. Rumfar ta wani bikinsu ce, yaran ne suka gina ta, kuma da gangan aka bar rufin haka. Ga baƙo yana tafe tare da shugaba. Kafin Tamimu ya ɗauko guduma an kaɗa ƙararrawa.

Baƙon tsohon Bayahude ne, Mista Perlman, malamin makaranta da ya yi ritaya, da 'yar hula a tsakar ka da sandar dogarawa. Yara suka yi da'ira. Misis Delgado ta dubi tamfol, ta yi wa Tamimu wani kallo, shi kuwa ya gwammace ta yi faɗa.

Tsohon ya ƙwanƙwasa rufin da sandarsa. "Wa ya yi wannan?"

Tamimu ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Shekara saba'in ina shiga irin wannan rumfa," in ji tsohon, "ban taɓa ganin rufi mai kyan wannan ba. Bai halatta ba ko kaɗan, amma kai, ya yi kyau!"

Yara suka fashe da dariya. Ya bari suka gama, sannan ya ce musu gara da aka yi haka, don abin da aka gani a karkace ya fi zama a ka. Sunan rumfar sukka. Kakannin Yahudawa da suka fito daga Masar tare da Annabi Musa sun yi shekara arba'in a hamada ba gidan kansu. Shi ya sa duk shekara suke kwana bakwai suna cin abinci a rumfa. Rufin sai da abin da ya tsiro daga ƙasa aka yanko, inuwa ta fi rana yawa, amma a bar kafar da za a hango tauraro.

"In ruwa ya zo, ya shigo," ya ce. "Mutum ya tuna ba rufinsa ke tsare shi ba."

Tamimu ya san labarin Bani Isra'ila tun yana makarantar allo, amma bai taɓa jin an mayar da shi aikin kafinta ba. Maganar ta shige shi.

Tsohon ya roƙe shi ya warware aikinsa a gaban yara. Ya hau tsani ya zare ƙusoshin, yara suna miƙo masa kara yana jerawa a gicciye, yadda ake rumfar kasuwa a gida. Mista Perlman na ƙasa yana leƙe: ƙara nan, rage can. Da aka gama ya ce akwai sauran al'ada guda, wato rumfar ba ta jin daɗi sai da baƙo. Ya ja kujera, ya zaunar da Tamimu a tsakiya da rigar aikinsa, ya miƙa masa burodi da zuma kafin kowa.

Sannan ya juya wajen shugaba. "Baɗi zan dawo, in dai wannan mutumin ne zai ɗora rufin. Zai kasance yana nan?"

Misis Delgado ta dubi yaran. Ido talatin da wani abu yana kanta.

"Yana nan," ta ce. "Amma ya riƙa tambaya."

Tamimu ya ajiye burodin. Mutumin da bai san shi ba, ba dangin iya ba na baba, ya rufa masa asiri a gaban yara, ya kuma ceci abincinsa. Godiya ta cika masa ciki, Turancin ya gudu ya bar shi. Ya kama hannun tsohon da hannu biyu ya ce da Hausa, "Baba, Allah ya saka da alheri, Allah ya sa ka gama lafiya."

Keziya ta buɗe baki za ta fassara, tsohon ya dakatar da ita.

"Bar shi, na san addu'a in na ji ta," ya ce. "Amin."