Hoton Gidanmu na Ƙarƙashin Ruwa

Da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Gana, na kasa zama wuri ɗaya. A Kete Karaci aka haife ni, amma ruwan dam ya shanye tsohon garin. Wa zai shaide ni?

Sai na tuna da Kwamena, ɗan ƙabilar Fante mai nutso da ya zo unguwarmu ta Zongo ganin ƙanwarsa. A Takoradi yakan goya tulun iska ya ɗauko hoton jiragen da suka nutse. Na roƙe shi ya nutsa ya ɗauko mini hoton gidanmu.

"Papa, gida zan ɗauko maka ko kifi?" ya ce yana dariya.

Na zana masa hanya: daga masallaci, ƙofa ta uku. Kwana shida ina safa da marwa tsakanin gida da tashar kwale-kwale.

Ya dawo da hoto ɗaya. Bango duk ya narke, sai dutsen niƙan innata, tarwaɗa na kwance a kai.

Na kai wa akawun ofishin takardu, ya jujjuya shi. "Baba, shaidar ke nan?"

"Gidanmu ne."

"To, tarwaɗar ta zo ta rantse."

Na sa hoton a aljihu, na koma na fara naɗe tabarmata.